Ranar da Aka Cire wa Jigo Laka

Har gobe ban manta da ranar da aka cire wa jigonmu laka ba.

Lokacin ina koyarwa a elementare ta Jibiya, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Ni da allo na fara, boko daga baya na tsince shi, don haka da ajami nake rubuta shirin darasina. An ba ni darasi biyu, aikin hannu da kimiyya. Ban ga dalilin raba su ba, sai ni da 'yan aji muka kafa jigo na ɗebo ruwa a lambun makaranta. Su suka sassaƙa icen, suka ɗaura guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya kan. Da hannunsu suka gano cewa in lakar ta yi nisa da gwafar da aka ɗora icen a kai, guga ya fi saurin tasowa.

Sai aka turo malamin zagaye, wato mai duba aikin malamai, wani matashi mai farin wando, fitowarsa kwaleji ke nan. Ya juya littafina sama da ƙasa, ya ce, "Malam Isiyaku, wannan darasi ne ko laya? Kimiyya a littafi take. Gobe Baturen makarantu zai zo, zan ce a sallame ka, ka koma zaure." Ya nuna jigo. "A kankare ƙazantar can."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ita ce..."

"Ban tambaye ka ba."

Na yi innalillahi a zuci. Aka fasa lakar.

Washegari Bature bai ko leƙa aji ba, lambu ya nufa, ya ce a ɗebo ruwa ya gani. Malamin zagaye ya yi wuf ya kama igiya, don a ce aikinsa ne. Guga ya nutse, ya cika, ya ƙi tasowa. Malamin ya ja, ya yi nishi, farin wando ya sha taɓo. Bature ya dubi 'yan aji, ya ce, "Me ya hana?"

Baki ɗaya suka ce, "An cire ƙazantar!"

Bature ya sa na karanta masa shirin darasina, ya sa hannu a ƙarƙashin layar. Alhamdulillahi, a aikin na tsufa.

Ku matasan malamai, za ku haɗu da irinsa da yawa: ya haddace sunan kowane abu, bai taɓa ɗaga ko ɗaya ba. In ya ce ku cire laka, ku cire, amma ku miƙa masa igiyar.