Odar da Ta Cinye Mini Gwiwa

Shekarun baya na lalata gwiwata ta hagu, saboda wani likita ya ce in motsa jiki.

Lokacin wayar salula ta fara shigowa Zuru. Na bar aikin soja, na samu gadi a wani siton hatsi. Zama ne daga safe har yamma, tuwon dawa kuma ba na yi masa wasa. Tumbi ya fito, wuya ya ɓace. In na sunkuya ɗaura takalmi sai na huta. Haka jikin yayana ya yi kafin ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni nake juya shi a kan tabarma. Mutuwa ba ta dame ni ba, na gan ta da yawa. Irin wannan kwanciyar ce ba na so.

Na je asibiti. Likitan saurayi ne, layi kuma har waje. Ya auna ni, ya ce jinina ya hau, ƙiba ta yi yawa.

"Baba, sai ka riƙa motsa jiki. Sosai, har ka yi zufa."

"Wane iri?"

"Kowane iri. Haka ƙa'idar ta ce."

Ban yi boko ba, kuma a soja in an ba ka oda ba ka tambayar wanda ya rubuta ta. Motsa jiki guda na sani, na bariki. Na zuba yashi a buhu, na saɓa, na kama hanyar Dabai da gudu, ina rera waƙar da muke yi muna kurata. Matata ta ce, "Maigida, mutane fa suna cewa yaƙin ne ya taso maka." Na ce mata oda ce.

Gwiwar tana da tsohon rauni tun fagen daga. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Wata safiya a gangare na ji ta yi ƙas. A amalanke aka kawo ni gida.

Damina guda ina zaune. Ƙibar ta ƙaru. Zaman ya ishe ni, tashi ya gagara. Ko yatsana ne ya yi sanyi sai in ce shanyewar ta iso, in yi ta matse hannu ina buɗewa. Da na fara dogara sanda sai na shiga tambayar duk wanda na gani. Rediyo ta ce gudu. Wani malamin makaranta ya ce iyo ya fi. A ina zan yi iyon, cikin rijiya? Abokina Ibo mai kemis ya ce, "Oga soja, kai ba gudu kuma. Sha wannan shayi, tumbi zai tafi Legas." Na sha. Bayan gida kawai ya kai ni.

Daga baya aka haɗa ni da wata likita dattijuwa, 'yar Ribah. Ita gwiwar ta fara dubawa. Ta tambayi tabon, ta tambayi abin da nake ci, ta tambayi yayana. A nan na yi abin da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Na ce, "Hajiya, ƙa'idar motsa jikin nan da likitan farko ya faɗa mini, wa ya rubuta ta?"

Ta ce, "Ba guda ba ce. Wasu an zauna an yi su da kyau, wasu kwafa kawai aka yi. Mai kyau takan faɗi a kan wa aka gwada ta, da wanda bai kamata ya bi ta ba."

"An gwada a kan mai nauyina da gwiwa irin tawa?"

"Wadda aka faɗa maka, ban sani ba. Shi likitan ma ina jin bai sani ba."

Ta ba ni maganin hawan jini, ta rage mini tuwo. Ta ce, "Tafiya za ka yi, ban da buhu. In ka ji kana iya waƙa, ƙara sauri. In ka kasa amsa gaisuwa, rage."

Wannan na gane. Gaisuwa kuwa ba a rasa ta a Zuru. Matsalata 'yan acaɓa ne. Ƙaton mutum a ƙasa, ga babur a gida, sai suka ɗauka na karye ne, ba kuɗin mai. "Baba, hau in kai ka, don Allah!" Ban iya bayani ba. Ina ɗaga hannu in wuce.

Ba na zargin saurayin likitan nan. Abin da aka ba shi ya ba ni. Amma yanzu duk wanda ya ce mini "haka aka rubuta", sai na ji don wa aka rubuta.

Ina nan Zuru. Tumbin ya ragu, bai tafi ba. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, a kan kujera nake salla. Masallacin kuwa da ƙafata nake zuwa.