Haruna Jijiya da Malam Shiru

Duk wanda ya taɓa miƙa wa marigayi Haruna hannu a ƙauyenmu na kusa da garin Rufa'a ya san ba musafaha zai samu ba. Wuyan hannunka zai kama, ya rufe ido, ya saurari bugun jijiyarka, sannan ya amsa sallama. Ni kullum hukuncin da yake yanke min ɗaya ne: "Ya zol, mutumina, zuciyarka jaki ce da za a kai hawasha, gonar auduga. Tana tafiya, amma ba da son ranta ba." Tasa zuciyar kuwa, da ta fara ciwo, na yi ta fama ya bari likita ya duba, ya ƙi.

Sharar aji yake yi a wata makarantar koyon aikin jinya a birnin Madani. A ajin akwai mutum-mutumin roba kwance a gado, an jona masa waya da na'ura. Ustaza, malamar ajin, ce ke danna maɓalli, zuciyar robar ta yi gudu, ko ta yi ɗingishi, ko ta tsaya cak, ɗalibai su ruga su cece shi. Haruna ya raɗa masa Malam Shiru. Kafin ya gaida shugaban makaranta sai ya gaida shi.

Wata rana da azumi ya zare wayar wutar ana tsakiyar darasi. Ustaza ta ce, "Baba Haruna, me ya kawo haka?"

Ya ce, "Tun safe kuke kashe bawan Allahn nan kuna tayarwa. Ku bari ya sha ruwa tukuna."

"Baba, roba ce."

"To robar ma ai tana da mai ita."

Ya taɓa kai ni in gani. Aka ce ana son rayayyen mutum don ɗalibai su kwatanta, ni kuma da jin za a ba da shayi na kwanta gefen Malam Shiru. Aka manna min wayoyi a ƙirji. Karatuna bai wuce allo ba, amma na san layi idan ya miƙe a madubin na'ura babu alheri. Ina kallo ya miƙe sambal, ƙara ta tashi. Na fara kalmar shahada, na ce a gaya wa uwargida ban yafe mata zancen akuya ba. Ashe madubin maƙwabcina nake kallo. Haruna ya tsaya da tsintsiya ya ce, "Da kai da shi, shi ya fi ka jarumta."

Da numfashinsa ya fara sarƙewa, in ya taka gaɓar tur'a, magudanar ban-ruwa, sai ya zauna, na ce, "Haruna, asibiti."

Ya ce, "Na san wannan bugun. Malam Shiru yana yin sa kowace safiya, ga shi nan garau."

"Shi yana da maɓalli."

"Nima ina da shi. Yana hannun Mai Sama."

Na turo masa liman, ya kama hannun liman ya ce ya rage shan jabana, wato gahawa. Na turo 'yarsa Halima, ta yi kuka, ya ce ta yi a hankali kada tata zuciyar ta rikice. Sai da muka zauna mu biyu a inuwar dalbejiya ya gaya min gaskiya. Duk masu aikin jinyar asibitin nan 'yan mata ne, a gabansa suka koyi aiki, Baba suke ce masa.

"Na ga yadda ake yi wa Malam Shiru, Idi. A yage masa riga, a danne ƙirji, a buga masa wuta har ya yi tsalle. Ni ba za a tuɓe ni gaban 'ya'yan cikina ba."

Na ce zan nemo likita namiji, baƙo, ko daga can garin Damazin ne. Ya ce to, bayan tsinkar auduga.

Ba a gama tsinkar ba Halima ta kai masa kunun safe ta same shi a kan angarib, gadonsa na igiya, da jallabiyarsa har wuya, da hula, ya cika. 'Yan matan asibitin sun zo ta'aziyya mota guda, suna kuka suna cewa da an kawo musu shi. Ni kuwa na san dalili.

Allah ya jiƙanka, Haruna. Yadda ka tsare suturarka a duniya, Allah ya suturta ka a can, ya sa ka huta.