Ranar da Razdan Ya Kori Masu Gaisuwa

Kakata Iya Dije ba ta ba da labari sai da damina. Da an idar da sallar magariba sai mu cusa kai cikin madafinta, jikoki da 'ya'yan maƙwabta, hayaƙin ɗanyen itace yana sa mu hawaye, ita kuwa tana juya masara a bakin murhu da yatsunta kamar hannun ba nata ba. Masifaffiya ce, Allah ya jiƙanta. In ka kuskura ka yi tari a tsakiyar labari sai ta tsaya ta ce, "To malam, ƙarasa mana, tunda ka fi ni sani."

Yau ina zaune a hawa na goma sha tara na wani bene a unguwar Sentul, shekara shida ke nan da na biyo maigidana Kuala Lumpur inda yake koyarwa. Kwanakin baya na kori mutanen da suka zo mini gaisuwar rasuwar mahaifiyata. Tun ranar labari ɗaya na Iya Dije ya hana ni sakat.

Duk sanda za ta ba da shi sai ta gargaɗe mu. "Wannan ba tatsuniya ba ce, ku ajiye amshinku. Ubana ne ya gani da idonsa."

Mahaifinta, Audu Kuku, shi ne mai dafa wa Razdan abinci, wato Baturen da ke mulkin lardinmu a lokacin. Mutanen gari suna ce masa Mai Tagumi, don ko shari'a yake saurare hannunsa na ƙarƙashin haɓa. Ɗan sarauta ne a ƙasarsu. Iya Dije ta ce gidan ubansa sai ka yini ba ka gama zaga ɗakunansa ba, amma a al'adarsu babban ɗa ke kwashe komai, sarauta da gida da gonaki, ƙaramin a miƙa masa akwati. Yana shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana. Da ya girma aka tura shi wata ƙasa mai ruwan sama kullum, inda ake tatsar ƙaro a jikin bishiya, daga can aka turo shi wajenmu. Sai da na zo nan na ga tsofaffin gidajen Turawa a kan tudu, masu dogon baranda sak irin na garinmu, sannan na gane ƙasar da take nufi.

"Ba mata, ba ɗa, ba aboki," in ji ta. "Ya yi wanka, ya ɗaure wuya da ƙyalle, ya zauna shi kaɗai a tebur mai kujera goma sha biyu. Wai shi mai mulki. Ni ko akuyata ba ta cin abinci ita kaɗai."

Nan muke fashewa da dariya, ta bar mu mu yi, don ta san abin da ke zuwa.

Wata rana aka bugo masa wayar tangaraho daga Ingila. Ya karanta takardar, ya ninke ta, ya ce a kwashe abincin. Audu Kuku ya bi akawu da tambaya har ya ji cewa uwar Razdan ce ta mutu, har an binne ta. Abin ya tsaya masa a rai, da ya je masallaci ya faɗa wa Liman. Aka yi ta muhawara. Wasu suka ce ba addininmu ɗaya ba, ina ruwanmu. Liman, tsoho ne tukuf, ya ce, "Ban ce a yi addu'a ba. Amma baƙo ne a garinmu, uwarsa ta mutu, ba shi da kowa. A je a zauna masa."

Washegari da sassafe dattawan gari suka hau tudun gidan Razdan da tabarminsu, suka shimfiɗa a ƙofa, suka zauna shiru. Mata suka aiko da ƙoren fura da gumba. Babu wanda ya aika a nemi iso, don ba a neman iso a gidan mutuwa.

Razdan ya fito baranda ya ga ƙofarsa cike da mutane, ba mai magana, ba mai murmushi. Lokacin ba a daɗe da ƙara haraji ba, tafintansa kuma yana rangadi. Ya ɗauka bore ne.

"Ubana yana bayan ƙyaure yana kallo," in ji Iya Dije, ta daina juya masarar. "Kalma biyu zai faɗa a wuce wurin. Amma dokar gidan, kuku ba ya taka baranda sai an kira shi. Ya tsaya yana shawara da cikinsa, har Bature ya ɗaga hannu."

'Yan doka suka shiga da bulala. Aka tattake tabarmi, aka kifar da fura. A turmutsutsun Liman ya faɗi a kan matakala, ƙugunsa ya karye, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har ya mutu.

Da yamma Audu Kuku ya taka barandar, ba a kira shi ba, ya faɗi abin da ya kawo mutanen. Bayan kwana biyu Razdan ya sauko cikin gari a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba, ya je ƙofar Liman. Aka shimfiɗa masa darduma, aka ba shi ruwa, aka ce ranka ya daɗe, ba komai, ƙaddara ce. Ya ƙara shekaru a lardin, har yayansa ya mutu aka kira shi gida ya gaji sarautar da ɗakunan nan marasa iyaka. Iya Dije ta ce ana faɗuwa a gaishe shi har ranar da ya hau jirgin ƙasa, amma gaisuwar mulki ce. Ko da labarin mutuwar yayan nasa ya zo, ba wanda ya hau tudun.

Mu dai a lokacin abin da muka ɗauka shi ne Bature wawa ne. Muna fita mu yi wasan Razdan da Liman a tsakar gida, kowa na son ya zama ɗan doka.

Ranar da Umma ta rasu, 'yan'uwana a gida ba su kira ni ba. Maigidana suka kira. Shi kuma ya yi abin da aka saba, ya sanar da matan 'yan ƙasarmu tukuna don kada labarin ya same ni ni kaɗai, sannan ya baro wajen aiki ya zo ya zauna kusa da ni ya faɗa mini. An riga an kai ta. Ban gama fahimtar maganarsa ba wayar bango ta yi ƙara, mai gadin bene ne, wai mata da yawa suna ƙasa da kuloli, boleh, wato a bar su su hau?

Nan take na lissafa. Daga unguwar Titiwangsa, daga Brickfields, da girki, da shiga jirgin ƙasa. Ashe tun safe suka sani. Maman Hanif, wadda ta girme mu duka, da hantsi ta kira ni tana tambayata wai ina nake sayen kuɓewa, ashe muryata take aunawa. Kowa a garin nan ya san uwata ta mutu sai ni. Wallahi baƙin cikin da ya taso mini ya fi ƙarfin hawaye. Na ce wa mai gadi kada ya bar ko mutum ɗaya ya hau, na kife wayar. Maigidana ya ce, "Haba Maman Amira, ki ji tsoron Allah." Na ce in ya sauka ya shigo da su, ni zan fita. Na shiga ɗaki na murɗa makulli.

Sai bayan la'asar, ina kwance ina kallon silin, na ji muryar Iya Dije a kaina tana cewa a je a zauna masa. Na zari hijabi na sauka. Ba kowa. Dokar benen ta hana taro a ƙasa, mai gadi ya fitar da su, suka tsaya a rumfar jiran bas ruwa yana feso musu, da goyo, har suka gaji. Kuloli ne kawai a jere a kan teburinsa. Ya ce, "Sorry lah, madam, ke kika ce."

Shekara talatin ina yi wa Mai Tagumi kallon wawa. A gaban kulolin nan na gane mutum ne da ya daɗe cikin baƙi yana tsare ƙofarsa, har ya kai in ya ga jama'a sun nufo shi bai san alheri suka kawo ba. Na kuma gane abin da ya sa Iya Dije ba ta taɓa yin dariya tare da mu a ƙarshen labarin ba.

Washegari na buɗe ƙofa tun safe, na shimfiɗa tabarmi, na aika wa kowa saƙon ban haƙuri. Suka amsa da ba komai, Allah ya jiƙanta. Na san irin wannan ba komai ɗin. Har azahar tabarmin nan ba wanda ya taka su.

Wajen ƙarfe uku Maman Hanif ta shigo ita kaɗai, tana ɗingisa ƙafarta mai ciwo, fuskar nan a ɗaure. Ba ta rungume ni ba. Ta ce, "Jiya kin ba mu kunya, kuma sai na faɗa miki. Matsa in zauna." Ta zauna, ta daɗe tana jan carbi, sannan ta juyo ta ce, "Yaya sunanta? Ba na son in yi ta cewa mamar wance a addu'a."

Na ce Hauwa'u. Tun da aka faɗa mini ban yi kuka ba sai da sunan ya fita daga bakina. Ina kukan ina tuna mutumin can a teburinsa, da takarda a ninke a aljihu. Har ya bar ƙasarmu ba wanda ya tambaye shi sunan uwarsa.