Gwanin Huɗar da Bai Juyo Ba

A Nahuce na tashi, 'yan shekaru bayan Nasara sun ci Sakkwato. Da an sallame isha'i, kakata Inna Kulu kan tura karan dawa cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Kullum a gefena akwai Tanko, ɗan maƙwabtanmu, mai tarin da ba ya barinsa rani da damina. Inna ba mai yawan fara'a ba ce, tatsuniyoyinta ma ba kasafai suke ƙarewa da biki ba.

"Ga wata ta iso bakin wuta," in ji ta. Mu ce ta matso mu ji ta.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani saurayi gwanin huɗa. A garinsu, kamar namu, samari ƙungiya guda ne a ƙarƙashin sarkin samari, suna gayya gona-gona. Dokarsu ita ce, wanda ya riga kai kunyar nomansa bakin gona, ya juyo ya tarbi na kusa da shi daga ɗaya ƙarshen, su haɗu a tsakiya. Shi wannan gwani kiɗa ya shige masa kai. Makaɗa na wasa shi, yana zuba garma, bai taɓa juyowa ba. Wata rana ya wuce iyakar gona bai sani ba, ya yi ta huɗa cikin daji har ganga ta daina kai masa. Da ya ɗago, ba gona, ba gari, ba kowa.

"Har yau yana can," in ji Inna. "Wanga kuka da kukan ji cikin daji da damana, shi na. Kiran abokai shikai, su ko sun tahi gida."

Na yi dariya na ce ai sakarai ne. Ta dube ni ta ce, "Kai dai Mamman, bari ka yi hannu tukun."

Na kuwa yi hannun. Shekarar da Inna ta rasu aka sa ni da Tanko cikin sahun gayya. Ƙungiyar nan ita ta mai da ni mutum. A nan na koyi tashi da asuba ba sai an tashe ni ba, da kame baki in na gaba na magana, da cin tuwo akushi ɗaya da wanda muka yi faɗa jiya. Amma akwai wata doka mai ɗaci. Wanda ganga ta tsaya ta bar shi bai kai kunyarsa bakin gona ba har sau uku, sai a karɓe garmarsa a ba shi tulu, ya koma ɗebo wa manoma ruwa. Tanko ya riga ya yi biyu.

A gayyar wata gona ta hanyar Bunguɗu makaɗi ya fara kiran sunana. Kunyar Tanko na jikin tawa, don haka tarbarsa a wuyana take. Ni na fara kaiwa bakin gona, kuma na ji tarinsa can baya, sarai na ji shi. Sai makaɗin ya matso da ganga har kunnena, 'yan mata suka rangaɗa guɗa, na kama sabuwar kunya don a ce na huɗe biyu. Ina cikinta ganga ta tsaya, Tanko bai kai tasa ba, karo na uku ke nan.

Sarkin samari ya miƙa hannu, Tanko ya ba shi garmar. Bai ɗauki tulun ba. Ni kaɗai ya duba, ya ce, "Na aza kana zuwa, Mamman."

Kafin kaka ya bi masu tafiya haƙar kuza, da wannan ƙirjin nasa. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Uwarsa ta mutu tana tare fatake da tambaya.

Daga baya ni aka naɗa sarkin samari. Na kashe dokar tulu, na tarbi samarin da ban san adadinsu ba, har ana yaba mini halin kirki. Yabon nan ciwo yake mini, don na san inda halin ya samo. Inna ta gaya mini tun ina yaro, ƙungiya ta koya mini, ban ji ba sai da na rasa mutum. Duk saurayin da na haɗu da shi a tsakiyar kunya, in ya ɗago kai zai yi godiya, fuskar Tanko nake dubawa.