Wasiƙar Baffa daga Jos

Yau jikokina a waya suke karatu, kowane harafi na tsaye shi kaɗai, fes. A farkon shekarun hamsin kuwa, kowane marubuci da irin hannunsa. Na zauna a Khartum, na zauna a Landan, na sha fama da rubutun likitoci, amma ban taɓa ganin hannu irin na mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwar Jos ba.

Ina aji biyu a elementaren Bebeji lokacin. Haruffa a rarrabe muka iya, rubutun haɗe sai aji uku. Mahaifina bai so boko ba, dagaci ne ya sa sunana. Ya ce in shekara biyu ta cika bai ga amfani ba, zai roƙa a sako ni in koma gona. Ni kuwa ban ga abin da na manta a gona ba.

Ana nan sai ga wasiƙa daga Baffa, ƙanin mahaifina, mai aikin kuza a Jos. Aka shimfiɗa tabarma, gida ya taru, aka miƙo mini. Na buɗe na ga layuka kamar an tsoma tsutsa a tawada an sake ta. Ko harafi ɗaya ban gane ba.

Amma na san yadda wasiƙa ke farawa. Na gyara murya na ce, "Gaisuwa mai yawa da fatan alheri." Na bi mutanen da ke zaune ɗaya bayan ɗaya ina raba musu gaisuwa.

Goggo ta ce, "Ni fa? Ni da na goya shi?"

Na juya takardar. "Ga taki nan a baya, Goggo. Har sau biyu."

Mahaifina ya ce, "Yaushe zai zo?"

"Sai bayan kaka, Baba."

Ashe abin da wasiƙar ta ce shi ne a tarye shi da jaki ranar Juma'a a tashar jirgi ta Dangora. Ranar Asabar da hantsi sai ga Baffa da akwatin ƙarfe a ka, ƙafa duk ta kumbura. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Yaya, wa ya karanta muku takardata?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Na faɗi gaskiya. Goggo ta ce, "To gaisuwar tawa fa?" Baffa ya ce shi bai aiko da gaisuwar kowa ba, jaki ya ce a kawo. "A cire shi, Yaya! Shekara biyu, ƙarya kawai suka koya masa!"

Mahaifina ya sa na ɗauko littafina na makaranta. Ya ajiye shi kusa da wasiƙar, ya daɗe yana dubawa. Boko bai iya ba, amma ajami ya iya.

Ya ce, "Wannan a warwatse, wannan a haɗe. Ashe yaron babbaƙu kawai ya yi. Wa ka taɓa gani an cire shi daga karatu bai kai haɗi ba? Ya koma ya ƙarasa."

Bulala biyar na sha saboda ƙafar Baffa. Ranar Litinin na koma aji, kuma daga ranar mahaifina bai sake maganar mayar da ni gona ba.