Kafintan da Ake Kira Lauya

Kafinta ne, amma a layin shagunan ba mai kiransa haka. Lauya suke ce masa. Mai kemis ɗin da ke maƙwabtaka da shi ne ya raɗa masa sunan, wai lauyan addini, tun ana dariya har sunan ya bi shi.

Bai yi nisa a boko ba. Mahaifinsu ya rasu yana saurayi, ya bar masa shago da uwa da ƙani ɗaya da bai daɗe da fara tafiya ba. Shi ya riƙe yaron, ya sa shi makaranta, ya kai shi koyon tuƙi, ya yi masa aure. Har ƙanin ya zama direban bas mai furfura a gemu, Auta yake kiransa. Karatun addini kuwa tsintarsa ya yi kaɗan kaɗan, a darasin bayan magariba da cikin littattafan da yake ajiyewa a saman kabad, inda garin katako ke lulluɓe su.

Akwai dogon benci a ƙofar shagonsa. Bayan la'asar ake taruwa a kai, tela da mai faci da duk wanda kasuwa ta yi wa sanyi. Mai kemis mutum ne mai karance-karance, ba ya karɓar magana sai ya juya ta ya ga bayanta. Shi ke jefo tambaya. In an riga an rubuta komai, don me za a kama mutum da laifi? Ina aka taɓa ganin wanda ya mutu ya dawo da labari?

Kafinta ba ya ɗaga murya. Yakan ajiye zarto, ya kakkaɓe hannu, ya maimaita tambayar. Kuma ba ya maimaita ta yadda aka kawo ta, sai ya ƙara mata ƙarfi, ya cike mata duk inda mai ita ya bari da rauni, har mutanen benci su fara tsorata. Sannan ya bi ta daki-daki ya warware. Yana cewa rashin adalci ne ka kayar da tambaya tana gurguwa.

Wata rana tela ya ce masa, "Wai Lauya, Allah ne ya ɗauke ka aiki?"

Ya ce, "Allah ba ya bukatar kowa ya tsaya masa. Amma ku da ke zaune kun ji tambayar, da ita za ku koma gida. Ku nake wa aiki. Kare addini ba zagi ba ne, ba kuma ɗaga sanda ba. Ka saurari abin da aka ce har ƙarshe, ka kawo hujjarka, shi ke nan."

Mai kemis ya ce, "Lauyan da ko shayi ba ya saya wa abokin shari'arsa."

Haka suka yi shekaru, kuma ba su taɓa ɓatawa ba.

Auta yana da 'ya guda ɗaya, mai ciwon sikila. Tun tana ƙarama suke zaryar asibiti. Kafinta ne ya yi mata gado da hannunsa, mai ɗan tudu ta wajen kai don ta ji sauƙin numfashi. Ta kusa gama firamare ciwon ya tashi, bai kuma sake ta ba.

Bayan rasuwar aka daina ganin Auta a masallaci. Matarsa ta koma wajen iyayenta ta ɗan huta, ya zauna shi kaɗai. Kafinta ya aika masa ya zo shago. Ya zo da la'asar, benci cike da mutane, ya zauna a ƙarshensa.

"Auta, an ce ka bar salla."

"Ban bari don raini ba, Yaya. In na ɗaga hannu ne ba na samun abin faɗa. Na roƙa har muryata ta dushe. Me yarinyar nan ta yi?"

A nan kafinta ya yi abin da ya saba. Ya kakkaɓe hannu, ya maimaita tambayar, ya ƙara mata ƙarfi. Ya ce abin da kake nufi shi ne, yarinya ce da ba a fara rubuta mata zunubi ba, ƙasusuwanta na ciwo har tana cizon filo, ana neman jijiya a hannunta ana rasawa, tana kiran babanta ya cire mata, kuma Mai ikon cirewa yana gani. Ya faɗi duk wannan a gaban tela da mai faci, tsaf, bai rage komai ba. Daga nan ya shiga amsa, a kan jarrabawa da hikimar da ido ba ya gani da ladan masu haƙuri. Amsa ce mai kyau. Mutanen benci suna gyaɗa kai.

Auta ya miƙe. Fuskarsa ta yi fari kamar an zuba mata toka.

"Ka ci shari'a, Yaya," ya ce, ya tafi.

Bai sake zuwa ba. Ya daina ɗaukar waya. In ya hango yayansa a titi sai ya sauya hanya. Kafinta ya rame, ya yanka katako ba daidai ba har sau biyu, abin da bai taɓa yi ba. Ya duba amsarsa sama da ƙasa bai ga kuskure ba, wannan ne ya fi damunsa.

Mai kemis ya same shi shi kaɗai da hantsi, ya zauna a kan wani guntun katako.

"Ni kake ba irin wannan amsar, Lauya. Ni ina tambaya ne in koma in sayar da magani, in ci abinci, in yi barci. Shi fa? Ka ɗauko 'yarsa daga kabari ka kwantar a kan bencin nan don hujjarka ta fito da kyau."

"To ƙarya na faɗa?"

"Ban ce ba. Ni da ban yarda da rabinta ba ma, na san ba ƙarya kake nufi ba. Ka tashi ka je, malam. Ka bar littattafan a nan."

Kafinta ya je gidan Auta da safe, ranar da ba ya fita aiki. Ya tarar da tabarma a tsakar gida, da filo da bargo a kai. Auta ne ya buɗe masa ƙofa. Kafinta ya leƙa ɗaki, ya ga gadon yarinyar yana nan yadda yake, da zaninta a ninke.

"A waje kake kwana?"

"Ba na iya shiga."

"In kwance shi?"

Auta ya gyaɗa kai.

Kafinta ya koma shago ya ɗauko sifana. Notikan sun yi tsatsa, aikin ya ci lokaci. Yana kwancewa, Auta na tallafe da katakon kai don kada ya faɗi. Can Auta ya fara maganar yarinyar, yadda take ɓoye maganinta a ƙarƙashin katifa, yadda take gyara masa lissafi in ya yi kuskure. Sau biyu amsa ta zo wa kafinta har bakinsa, ya haɗiye ta.

"Yau ba ka da hujja, Yaya?"

"Ina da ita. Ban fasa yarda da ita ba. Tana nan, ranar da ka nema."

"In ban nema ba fa?"

"Kai ƙanena ne dai."

Suka fitar da katakon suka jingina a bango. Aka kira azahar daga masallacin bakin titi. Kafinta ya dubi hannuwansa, duk tsatsa da ƙura, ya waiga yana neman ruwa. Bai ce wa Auta ya tashi ba.

Auta ya je famfo ya cika buta, ya ajiye a gaban yayansa. Ya kakkaɓe tabarmar da yake kwana a kai, ya juya ta wajen alƙibla. Shi kuma ya koma bakin ƙofar ɗakin ya zauna, da notikan gadon a tafin hannunsa, yana kallon yayansa yana alwala.