Zirnaƙo a Layi na Huɗu

Mijin yayata marubuci ne, amma ba na littafi ba. Shafin baya na wata jarida mai fitowa duk Talata nasa ne, yau shekara goma sha tara, kuma siyasa kaɗai yake taɓawa. Yana sa hannu da sunan Zirnaƙo, har sunan ya bi shi gida: mai wanki, makaniki, likitansa, kowa Malam Zirnaƙo. A saman shafin akwai ɗan hotonsa, gemu ya cika fuska, gira a haɗe kamar wanda aka taka wa sallaya. A gida kuwa mutum ne mai sanyi. In akwai mai harbi a gidan, Yaya ce.

Ni a ɗakin bakin ƙofa nake tun da na sallami makaranta kafin ta sallame ni. Na yi gyaran waya, na yi kwandasta, na yi kiwon kaji na kwana arba'in. Shi ya sa Malam yake kirana Kwamishina, wai na Ma'aikatar Zirga-zirga.

Rubutun da ya yi masa suna tsoho ne. A shekarar da famfunan unguwarmu suka bushe, Ciyaman na lokacin ya gina kwamin ninƙaya a bayan filin wasa. Malam ya yi masa kaca-kaca a shafi guda, ya rufe da cewa ranar da aka gan shi a cikin ruwan nan, a karya alƙalaminsa. Mutane suka yi ta kwafar shafin. Har yau yana manne a shagon mai askin layinmu, gefen madubi, ya yi ja don tsufa. Ciyaman ɗin ya faɗi zaɓe a wancan zagayen, bana kuma ya dawo neman kujerarsa.

To, bana ne Malam ya fara canzawa.

Litinin, Laraba da Juma'a, daga masallacin asuba ba ya dawowa gida sai wajen ƙarfe takwas, da wata baƙar jaka wadda yake kullewa a but ɗin mota. Idanunsa jajaye, da wani zobe a kewayensu kamar an danna masa bakin kofi. Ga ci. Mutumin da rabin burodi ke isarsa ya koma yana leƙa tukunya. Yaya ba ta zargi mace ba, ta ce wace mace ce za ta riƙa warin bilic. Tsoronta biyu ne: ko ya fara shaye-shaye da tsufansa, ko wata cuta yake ɓoyewa yana zuwa asibiti a sace. Ta tambaye shi, ya ce motsa jiki yake yi, likita ya sa shi. Ta ce wane motsa jiki ne ake kulle wa jaka. Ya buɗe jarida.

Sai ranar nan ya fito daga banɗaki babu gemu. Fuska fes kamar ƙwan da aka ɓare. Autarsu ta gan shi ta ruga bayan uwarta. Yaya ta ja ni kicin ta raɗa mini cewa ba gemun kaɗai ba ne, har gashin ƙirji da na hannu ya tafi.

Washegari ina tsugune a bayan kujerar falo ina gyara soket, ya shigo yana waya, bai gan ni ba. Da kunnena na ji ya ce an sa shi a layi na huɗu, kusa da Ciyaman. Ya saurari na ɗaya ɓangaren, sannan ya ce, "Juyawar ce kawai ta rage mini. In na iya juyawa ba tare da na ɓata lokaci ba, ranar Asabar an gama."

Ni ban yi zurfi a boko ba, amma na iya haɗa biyu da biyu in samu abin da nake so. Jam'iyyar Ciyaman ita ce ta huɗu a takardar ƙuri'a. Mutum ya aske gemun da aka san shi da shi, yana maganar juyawa. Me ya rage? Labari irin wannan ba ya zama a cikina, yana yi mini ƙaiƙayi. Na tafi shagon aski na zazzage shi tas, har da ƙarin gishiri, a ƙarƙashin tsohon shafin nan da ke bango. Ban lura da wanda ke kan kujera an yafa masa zane ba. Ashe mai duba kurakuran jaridarsu ne.

Ranar Alhamis Malam ya dawo daga ofis bai ko cire takalmi ba ya zauna. Ya gaya wa Yaya cewa Edita ya kira shi, ya rufe ƙofa, ya ce ana ta magana a gari. Ya ba shi zuwa Litinin ya faɗi abin da ke tsakaninsa da Ciyaman, in ba haka ba shafin baya ya koma hannun wani. Yaya ta ce to ka faɗa mana. Ya ce babu abin faɗa. Abin da ya dame shi, wai, shi ne yadda maganar da ya yi a falonsa ta isa ofis. Ya kalli labule, ya kalli fanka, ya kalli mai aikin da ke wucewa da tsintsiya. Daga ƙarshe ya miƙo mini wayarsa.

"Kwamishina, buɗe mini wannan. Ina jin an sa mata kunne."

Na kwance ta da sukudireba a gabansa, na hura, na leƙa da fitila, na ce ban ga komai ba amma mutanen nan sun ƙware. Ya gyaɗa kai. Ban taɓa jin kunyar sukudireba ba sai ranar.

Juma'a da asuba na ari babur ɗin maƙwabci na bi motarsa daga nesa. Na ɗauka gidan Ciyaman za mu, ko wani otal. Sai ya bi ta bayan filin wasa, ya ajiye mota a jikin wata bishiya nesa da ƙofa, ya ja hula har gira, ya shige ta ƙaramar ƙofar ma'aikata. Maigadi ko kallonsa bai yi ba, alamar sun saba. Ni kuwa sai da na ce ni mai gyaran injin ruwa ne.

Warin bilic ɗin ne ya fara tare ni. Kwami ne dogo, mita ashirin da biyar, an raba shi da igiyoyi masu ƙwallaye ja da fari, layi shida, kowane da lambarsa a jikin ɗan dandamalin da ake tsayawa a kai. Wani siririn koci yana tsaye da usur a baki da agogo a hannu. A kan dandamali mai lamba huɗu ga wani dattijo da gajeren wando, hular roba da tabarau na ruwa, ya sunkuya yatsunsa na taɓa bakin dutse. Sai da na ga tabon da ke kafaɗarsa na yarda Malam ne.

Usur ya tashi, ya faɗa. Wallahi ban san mutumin nan ba. A ƙasa yana tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, a ruwa kuwa ya miƙe sumul, hannu na shiga ba ƙara, kai na juyawa gefe ya saci numfashi ya koma. Da ya kusa bango sai ya dunƙule, ya wuntsila, ya doki bangon da ƙafa biyu ya dawo. Koci ya daka masa tsawa wai ya yi nisa da bango, ya sake. Ya sake. Sau tara na ƙirga. Juyawar ke nan. A layi na biyar wani mai tumbi yana ta nasa, yana huci kamar injin niƙa. Shi ma da ya cire tabarau na gane shi, don fuskarsa na manne a kowace falwaya a gari.

Malam ya ɗago ya gan ni tsaye a kansa. Ya daɗe yana riƙe da igiya, ruwa na sauka daga inda gemu yake a da.

"Yayarka ce ta aiko ka, ko Edita?"

Na ce ƙafata ce. Sannan, tun da a cikin ruwa yake ba zai iya kama ni ba, na gaya masa wayarsa lafiyarta ƙalau, kunnen da aka sa masa yana kwana a ɗakin bakin ƙofa.

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya fito ya zauna a benci ya yafa tawul, ya ba ni labarin da ko Yaya ba ta sani ba. A bakin kogi ya tashi, mahaifinsa mai fito ne da kwalekwale. Ya iya iyo kafin ya iya karatu. A sakandare ya ci gasa sau uku, lambobin yabon suna cikin wani gwangwanin madara a ƙasan akwatinsa. Da ya shiga aikin jarida ya bar ruwa shekara talatin. Ranar da ya zo duba kwamin nan don ya rubuta zaginsa, wai ya tsaya a bakin ruwan kamar ya faɗa ciki, ya koma ofis ya rubuta shafin da zafi biyu. Bara likita ya ce jininsa ya hau, ya nemi abin yi. A garin nan kuwa kwami ɗaya ne mai layi. Ya ce sau ɗaya zai shiga. Sai koci ya auna saurinsa da agogo, ya ce akwai gasar 'yan sama da shekara hamsin.

Na tambaye shi shi da Ciyaman fa. Ya ce wata takwas suna iyo kafaɗa da kafaɗa, ko gaisuwa ba ta haɗa su, sai dai kowa ya saci kallon lokacin ɗan'uwansa a allon koci. Layi na huɗu na wanda ya fi kowa sauri ne a gwaji. Gemun kuwa ruwa yake ja, yana rage masa sauri.

Na ce to ai sai ya gaya wa Edita, magana ta mutu. Ya ce in je shagon aski in karanta layin ƙarshe na abin da ke bango. In ya yi shiru, an saye shi. In ya yi magana, ya ci amanar alƙalaminsa. Na ce to ya fasa gasar mana, ya gaya wa Edita ƙarya aka yi masa. Ya kalle ni kamar na ce ya saki Yaya.

"In bar wa wancan layina?"

Ni na kunna wutar, don haka na ga ni ya kamata in ɗebo ruwa. Asabar da safe na je gidan Edita ba da sanin Malam ba. Mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya duba bayanta. Ya tambaye ni wa ya turo ni, me zan samu, me ya sa yau. Na ce ya zo kawai ya ga inda ake juyawar. Ya biyo ni a motarsa, ya ƙi in shiga.

'Yan kallo ba su fi arba'in ba, yawancinsu jikoki. Mita ɗari za a yi, zuwa huɗu, juyawa uku. Dattawa shida suka hau dandamali. Malam yana gyara tabarau ya hango mu a benci na biyu, ni da Edita. Na ɗauka zai sauka. Sai ya sunkuya ya kama bakin dutse.

Zuwan farko Ciyaman ne a gaba, don mai tumbin nan yana da ƙarfin hannu. A juyawa ta biyu Malam ya wuntsila daidai, ya fito gabansa da rabin jiki. Ban san lokacin da na hau kan benci ba. A ta uku ya ɗan yi nisa da bango, ƙafarsa ta taɓa da ƙyar, Ciyaman ya kamo shi. Suka taho kai da kai, ruwa na tashi, suka doki bango a tare a idona. Masu agogo suka haɗa kai, suka rubuta a allo: layi na biyar ne na ɗaya, da abin da bai kai rabin daƙiƙa ba.

Edita ya sauko har bakin ruwa, yana tattare babbar rigarsa. Malam na riƙe da igiya yana haki. Edita ya kalli allo, ya kalli Ciyaman da ake ɗagawa, ya sunkuyo.

"Kana gabansa na gani. Bar masa ka yi?"

A shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa ganin fuskar hoton jarida a jikin Malam ba sai a lokacin. Ya ce Edita yana iya cewa an saye shi, ya ce ya ci amana, ya ce duk abin da ya ga dama, amma kada ya ƙara cewa ya bar wa wani ruwa.

Ranar Talata shafin baya ya fito da sabon hoto, ba gemu. Malam ya faɗi komai da kansa: wata takwas, ƙofar ma'aikata, baƙar jaka. Ya ce har gobe gina kwamin a shekarar ƙishirwa laifi ne, kuma har gobe zai shiga, ga alƙalami nan mai karyawa ya zo. A ƙasan shafin Edita ya ƙara layi biyu: daga mako mai zuwa Zirnaƙo ya koma shafin wasanni, sai bayan zaɓe a duba. A shagon aski rabi sun ce an saye shi tun farko, gasar ma shiri ce. Rabi sun ce Edita ne aka saya. Mai aski bai cire tsohon shafin ba, ya manna sabon a gefensa, ya ce kowa ya zaɓa.

Yanzu Malam yana fita da tawul a kafaɗa, ta babbar ƙofa. Yaya ta fito da gwangwanin madarar ta wanke lambobin da toka, amma har yau takan shinshina jakar. Rubutunsa na farko a shafin wasanni kuwa kan masu riƙe agogo ne. Ya bincika ya gano cewa wanda ya danna na layi na biyar ranar nan, matarsa da matar direban Ciyaman uwarsu ɗaya.